Sulhun Gwaggo da Sajan

A kamfanin motocin haya da ya yi wa aiki shekara talatin da ɗaya, ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Raba-Biyu ake ce masa, tun daga manaja har mai wankin mota, kuma yana amsawa da fara'a, don a ganinsa lambar yabo ce. Shi ne jami'in walwalar ma'aikata. Ofishinsa ɗan ɗaki ne mai tebur ɗaya, fanka ɗaya mai ƙara, da kujeru uku: ɗaya tasa, biyu na masu rigima. Duk wanda ya shiga ɗakin nan da gaskiyarsa, da rabinta zai fito.

Salon aikinsa bai taɓa canjawa ba. Zai zaunar da mutum biyu, ya turo ƙofa, ya karkata kai ya saurari kowa har ya gama, sannan ya buga tafi a tebur ya ce, "To, mu haɗu a tsakiya." Akawu biyu sun taɓa yin faɗa a kan taga. Ɗaya na so a buɗe saboda zafi, ɗaya na so a rufe saboda hayaƙin motoci. Raba-Biyu ya auna tagar, ya kira kafinta ya kafe ta da ƙusa daidai rabi. Zafi bai fita ba, hayaƙi kuwa ya samu hanya. Wani kwandasta ya kawo ƙarar direba ya mare shi, direba ya rantse ko taɓa shi bai yi ba. Hukuncin da aka yanke shi ne a ɗauka rabin mari aka yi. In ka ɗauki sulhu goma da ya yi, tara sun ƙare ne mutanen biyu sun fito kafaɗa da kafaɗa suna tsine masa a filin ajiye motoci. Shi kuma ya leƙo ya hango su tare, ya gyaɗa kai ya ce, "Ka gani ko? Sun shirya."

A gida ma haka. Allah ya ba shi tagwaye mata, kamar da gangan. Suna yara, ɗaya ba ta iya barci sai an kashe fitila, ɗaya kuma tana son karatu a gado. Uban ya sayo ƙwan fitila mai dishi-dishi. Wannan ba ta ga rubutu ba, waccan ba ta yi barci ba, yau duk su biyun da tabarau suke yawo.

Matarsa malamar firamare ce, shi ma Malama yake ce mata. Mace ce marar yawan magana, wadda ta daɗe da gane cewa gardama da mijinta asarar rabin abin da kake da shi ce, don haka abin da take so da gaske ba ta kawo shi teburinsa. Cikin irin waɗannan abubuwa akwai Gwaggo.

Gwaggo kifin ado ce, irin mai ruwan zinaren nan, mai tumbi da jela biyu masu jan ƙasa kamar mayafi. Tagwaye ne suka saya wa uwarsu ita da albashinsu na farko, a shekarar da suka bar gida, wai don ta samu wadda za ta riƙa yi wa faɗa. Ta zo ba ta fi ɗan yatsa ba. Shekara tara a akwatin gilashi mai cin lita tamanin a lungun falo suka mai da ita kamar tafin hannu. Ta san takun Malama. Da safe in Malama ta fito da jakar littattafai, sai Gwaggo ta taso gaban gilashi tana kaɗa jiki, Malama ta zuba mata abinci tana ba ta labarin hedimasta. A kusurwar akwatin akwai famfo mai tace ruwa, yana aiki ba dare ba rana, don Gwaggo akwai ci, kuma mai ci dole ya ɓata wuri.

Ranar da Raba-Biyu ya yi ritaya, ma'aikata suka haɗa masa ɗan taro. Bayan jawabai huɗu da lemon kwalba, sai ɗaya daga cikin akawun nan na taga ya miƙe, riƙe da wata kwalba mai faɗin baki. A ciki akwai ɗan kifi shuɗi, bai kai tsawon yatsa ba, amma fikafikansa sun baje kamar tuta.

"Yallaɓai," in ji akawu, "mun yi ta tunanin abin da za mu ba ka, sai muka samo maka wanda ba ya shiri da kowa. Beta sunansa, kifin faɗa. Mai shago ya ce ko madubi ka nuna masa sai ya nemi kansa da rigima. Shi kaɗai ake ajiye shi, ka ji. Wannan kam ya fi ƙarfinka."

Aka kwashe da dariya, har manaja na share hawaye. Raba-Biyu bai yi dariya ba. Ya ɗaga kwalbar daidai idonsa, kifin ya buɗe kumatu ya yo kansa.

"Ba a taɓa zaunar da shi an saurare shi ba ne," ya ce.

Ya raɗa masa suna Sajan tun a mota.

Malama na ganin kwalbar, da yadda idon mijinta ke kai-komo tsakaninta da lungun falo, ta karanta komai. A lokacin an yi hutun makaranta, tana haɗa kaya za ta je wajen ɗaya daga cikin tagwayen, wadda ta yi haihuwa.

"Baban Tagwaye, ka saurare ni da kyau. Kwalba a kan tebur, akwati a lungu. Kada in dawo in tarar an yi taro."

"Haba Malama, kifi da kifi ne fa. 'Yan uwa ne."

"Kai da ƙaninka ma 'yan uwa ne. Yaushe rabon da ku gaisa?"

Ya kau da kai, don wannan shari'a ce da har yanzu ba a samu wanda zai raba ba. Ta nuna masa gwangwanin abinci, ta nuna masa ma'aunin cokali, ta ce famfo kada a taɓa shi ko da wasa. Ta tsaya gaban gilashi ta yi wa Gwaggo sallama fiye da yadda ta yi masa, ta tafi.

Ya yi haƙuri iyakar ƙoƙarinsa. Amma mutumin da ya saba da kujeru biyu a gabansa, yanzu ga shi a falo shi kaɗai, ga masu rigima biyu kowa a wurinsa ba mai kulawa. Abin ya riƙa ci masa rai. Ya fara da abin da ya kira gabatarwa: ya jingina kwalbar da jikin akwatin. Sajan ya buɗe kumatu ya yi ta dukan gilashi. Gwaggo ta zo ta duba ko abinci ne, ta ga ba shi ba ne, ta wuce. Raba-Biyu ya ce ɓangare ɗaya ya riga ya nuna dattako. Ya ɗauki hula ya nufi shagon kifi, don bai taɓa yanke hukunci ba tare da jin buƙatun kowa ba.

Mai shagon wani ƙato ne mai ɗan gemu, hannunsa kullum a jiƙe. Ya faɗi gaskiya, a ba shi wannan, sau ɗaya.

"Baba, ba sa zama tare. Naka ruwan ɗumi yake so, digiri ashirin da bakwai, kuma ruwa kwance ba motsi. Ta Mama ruwan sanyi take so, kamar ashirin, kuma dole famfo ya yi ta aiki, in ba haka ba ruwan ya zama guba. Ga ta da jela mai yawo, shi kuwa duk abin da ke kaɗawa abokin gaba ne. Zai yage ta."

Fuskar Raba-Biyu ta washe. A shekarunsa na aiki bai taɓa samun rigimar da ta zo da lambobinta ba.

"Ashirin da bakwai, da ashirin. Wato ashirin da uku da rabi."

"Baba, ba haka ake..."

"Ɗana, kifi ka sani. Ni rigima na sani."

Mai shago ya dube shi, ya dubi kantarsa, ya gane Allah ya jefo masa kasuwa. "Akwai hita ta ɗumama ruwa," ya ce, "mai lamba a jiki."

Ran nan Sajan ya shiga akwati. Da farko ya maƙale bayan dutse, Raba-Biyu ya jawo kujera gaban gilashi ya harɗe ƙafa, ransa fes. Sai ya lura igiyar ruwan famfo na jan Sajan tana wurgi da shi kamar tsumma. To, wannan na son famfo, wancan ba ya so. Aka raba yini: rabi a kunne, rabi a kashe. Lokacin cin abinci Gwaggo ta haɗiye nata, ta haɗiye na Sajan, ta dawo tana neman ƙari. Aka juye gwangwanin abincinta da nasa a kwano ɗaya, aka gauraya, kowa ya ci rabin abin da bai dace da cikinsa ba.

Sajan ya fito daga bayan dutse da ya gama nazarin gida. Ba ya gaba da gaba, ya san girmansa. Sai ya bari Gwaggo ta juya tana tonon tsakuwa, ya lallaɓo ta baya, ya fizgi jela ya gudu. Raba-Biyu ya ƙwanƙwasa gilashi da zobe.

"Kai! Sajan! Ba a haka. Babba ce."

Ya ƙirga yaga uku a jelar. Bai jima ba suka zama bakwai. Hankalinsa ya soma tashi, don shari'ar ta karkata gefe ɗaya, kuma shi bai iya irin wannan ba. Sai wata safiya Gwaggo, garin wawurar abinci, ta haɗa da gefen fiffiken Sajan ta tsinke. Raba-Biyu har da tafi.

"Yawwa! Laifi daga ɓangare biyu. Yanzu aka zo wajen."

Ya koma shago. Ya dawo da ganyen roba shida don kowa ya samu wurin ɓuya, da ɗan tulun ƙasa mai ƙofa, da maganin ruwa mai launin shuɗi. Sajan ya mallake tulun, ya mai da shi wurin kwanton ɓauna. Gwaggo ba ta shiga ko'ina, tumbinta ya hana. Ruwan da a da kake hango bangon falo ta cikinsa ya fara yin hazo, ya soma wani ɗan wari. Gefen jelar Gwaggo ya yi fari-fari yana zubewa, ta daina tonon tsakuwa, ta koma saman ruwa tana buɗe baki tana rufewa. Ruwa mai ɗumi iskarsa kaɗan ce, famfo kuma yana hutun rabin yini. Shi Sajan ko a jikinsa, don irinsu suna iya leƙowa su shaƙi iskar waje. Raba-Biyu ya shigo daga kicin ya tarar da su biyun a sama, baki kusa da baki, ɗaya na shan iska ɗaya na neman ranta.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Har sun fara hira."

Wata rana Malama ta kira ta bidiyo, ta nuna masa jika, sannan ta zo kan abin da ya sa ta kira.

"Nuna min ita."

Ya matsa da wayar dab da gilashi, yadda kai kawai zai fito.

"Me take yi a sama?"

"Muryarki ta ji. Murna take."

"Ja baya in ga jelarta."

"Layin ba kyau, Malama. Kina jina? Ni ba na jinki sosai."

"Ina jinka sarai. Mene ne wancan shuɗin da ya wuce?"

"Rigata ce. Gilashi ne ya ɗauko."

"Farar riga ce a jikinka, Baban Tagwaye."

Daga can bayanta aka ji muryar mai jego tana cewa, "Mama, me Baba ya raba kuma?" Sai wayar ta mutu, kuma ba layi ne ya kashe ta ba.

Yanzu kam tsoro ya shige shi da gaske. Ya tsaya gaban akwatin ya dubi Gwaggo da idon Malama, ya ga abin da za ta gani: kifin da ya shekara tara ba ko ƙwarzane, ga shi jela kamar tsohuwar tsintsiya. Ya tuna yadda take tsayawa nan da safe da jaka a kafaɗa tana dariya ita kaɗai. Ya ruga shago ko hula bai sa ba.

Mai shago ya ga hoton Gwaggo a waya, imaninsa ya ɗan motsa.

"Baba, ka je yanzu ka fitar da naka. Cire hita, kunna famfo ka bar shi, ka riƙa canja ruwa kaɗan-kaɗan. Za ta iya tashi. Ba sai ka sayi komai ba."

Ya dawo gida ya ɗauki 'yar ragar kamun kifi. Ya tsaya a kan akwatin, Sajan na ƙasa daidai hannunsa, tsoma raga ɗaya ya rage. Amma fitar da Sajan na nufin Sajan ne mai laifi, Gwaggo ce mai gaskiya, akawun taga ya ci gardama, kuma akwai rigimar da ba ta da tsakiya. A rayuwarsa bai taɓa duban mutum ya ce masa kai ne ba ka da gaskiya, tashi ka fita ba. Ya ajiye ragar. Ya sake komawa shago.

"Ba ka da wani gilashi da ake sawa a tsakani?"

Mai shago ya waiga ya dubi kantarsa. Ya riga ya faɗi gaskiya sau biyu, ya wuce ƙa'idarsa.

"Akwai," ya ce.

Raba-Biyu ya auna akwatin da tef ɗin ɗinkin Malama, ya tsayar da gilashin daidai tsakiya. Lita arba'in nan, lita arba'in can, kifin da ya kai tafin hannu da wanda bai kai yatsa ba kowa da rabonsa daidai. Sai dai famfo a kusurwa yake, kuma kusurwar ta faɗo ɓangaren Sajan, wanda ba ya son sa. Don haka aka kashe shi gaba ɗaya. Fizgar jela ta tsaya cak. Ya zauna ya sauke ajiyar zuciya, ya ce da ma tun farko abin da ya kamata ke nan.

Malama ta katse hutunta. Da rana tsaka ya ji mukulli a ƙofa. Ko jakarta ba ta ajiye ba, ta wuce shi kamar kujera, ta tsaya a lungu. Gwaggo na kwance a gefe ɗaya a saman ruwa, kumatunta na motsi a hankali. Ba ta taso gaban gilashi ba.

"Sannu da hanya, Malama. Kin ga dai yanzu kowa na..."

"Kawo bokiti."

Ta sa kofin shayi ta kwashe Sajan ta juye shi a kwalbarsa, abin da bai ɗauke ta ƙiftawar ido ba. Ta zare gilashin tsakiya ta jingine a bango. Ta cire hita, ta tsamo ganyen roba shida da tulu ta watsa a ƙasa, ta kunna famfo. Ta tsuke zane ta shiga canja ruwa, tana ɗiba yana kai wa banɗaki, yana kawo sabo tana zubawa a hankali ta gefen gilashi. Ta tallafi Gwaggo da tafin hannu ta tsayar da ita kusa da famfo, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Shi dai ba ta ce masa ko ci kanka ba. Ya so ya yi bayanin lissafin digiri, ya dubi bayan wuyanta, ya fasa.

Gwaggo ta ɗan miƙe da yamma, har ta yi iyo zagaye ɗaya. Washegari da safe aka same ta a ƙasa kan tsakuwa, ba motsi.

Malama ta naɗe ta a farin hankici, ta haƙa rami a tukunyar fulawa ta baranda, ta rufe. Ta wanke hannu ta dawo falo ta zauna, ido jawur. A kan tebur Sajan na zagaya kwalbarsa, launinsa ya fara dawowa, har ya tara 'yar kumfa a saman ruwa.

Raba-Biyu ya yi gyaran murya. Ya zauna a bakin kujera, ya karkata kai.

"Malama, Allah ya ba mu haƙuri. Amma in aka duba lamarin nan da idon adalci, mai shago ne ya sayar min da kayan. Su akawu kuma su suka kawo shi. Ita ma marigayiyar, akwai ranar da ta..."

"Kada ka soma."

"Ina nufin in aka kasa laifin..."

"Ba za a kasa ba. Naka ne duka. Mai shago bai shigo falona ba. Kifin nan na kwalba halinsa ya yi, ba a ɓoye maka ba. Na nuna maka cokali, na nuna maka famfo, na ce kada a yi taro. Shekara talatin ina karɓar rabi ina shiru, abu ɗaya na ajiye a lungu ban kawo maka ba, sai da ka bi shi har can."

Ya waiga hagu, ya waiga dama. Ba kowa a falon da za a zaunar a ɗaya kujerar.

Ta ɗauki wayarta ta danna, ta haɗa tagwayen biyu a layi ɗaya, ta miƙa masa.

"Su suka saye ta. Kai za ka gaya musu."

"Baba!" in ji mai jego, ga kukan jariri a bayanta. "Mama ta iso lafiya? Ya Gwaggo?"

"Lafiya lau ta iso. Ita kuma Gwaggo, wato, an ɗan samu saɓani tsakanin ɓangarori, kuma duk da ƙoƙarin da aka yi..."

"Baban Tagwaye," in ji Malama, ba ta ko ɗaga murya ba.

Ya gyara riƙon wayar.

"Ta mutu. Ni na sa mata kifin faɗa a akwati, na kashe famfo."

Jaririn ma kamar ya saurara. Can sai ɗaya 'yar, wadda tun ɗazu ba ta yi magana ba, ta ce, "Mama na kusa? Ba ta wayar."